Yadda A Ke Tuɓe Akawun Majalisa In Ya Daina Aiki

Kowace majalisa ta masu yin doka tana da wani mutum guda wanda ba shi da ƙuri'a, ba ya kuma sa baki cikin muhawara, amma in babu shi duk abin da wakilai suka yini suna faɗi sai ya zama kamar hirar bakin kasuwa, iska ta kwashe. Wannan mutum shi ne akawun majalisa, watau magatakardanta. Wurin zamansa shi ne teburin da ke gaban shugaba. Shi ke rubuta abin da aka zartar, shi ke tsare littattafai, shi ne kuma wanda shugaba kan waiwaya ya tambaya in gardama ta tashi bisa ƙa'idar zama. Abin da mu ke so mu duba tare da ku, 'yan'uwa da malamanmu, shi ne wannan: in irin wannan ma'aikaci ya riƙe muƙami amma ya daina zuwa aiki, ta wace hanya a ke raba shi da kujerarsa?

Wanda ya ji tambayar nan da fari zai ce ai babu wuya, sai a kore shi, gama kowa ya ci ladan kuturu wajibi ne ya yi masa aski. Gaskiya ne. Amma fa ƙofar da aka buɗe don fid da malalaci, ta nan ne mai iko zai bi ya fid da mai gaskiya ran da ya rubuta abin da bai yi masa daɗi ba. Wuyar al'amarin ke nan, shi ya sa masu tsara ƙa'ida suka daɗe suna juya shi. Za mu bi labarin Majalisar Ingila, domin can ne cutar ta yi tsanani har aka yi mata doka, sa'an nan mu gwada shi da hanyar da Amurka ta bi.

Nauyin Da Ke Wuyan Akawu

Majalisar Ingila zaure biyu ce. Akwai na manya, wanda a zamanin da za mu ba da labarinsa masu sarautar gado da manyan limaman coci ke zama cikinsa. Shi za mu kira Majalisar Dattawa. Akwai kuma na waɗanda a ke zaɓa, watau Majalisar Wakilai. Kowane zaure da nasa akawu. Muƙamin kuwa tsoho ne ƙwarai, don tun cikin 1363 aka san sunan wanda aka naɗa akawun Wakilai, watau Robert de Melton.

In wakilai suka gama shawara bisa wata doka, akawunsu ne ke sa hannu kafin a kai ta zauren Dattawa. In ta ƙetare zauren biyu, Sarki ya yarda da ita, a hannun akawun Dattawa aka saba ajiye ainihin takardarta. Ban da wannan akwai littafin da a ke rubuta abin da majalisa ta zartar kowace rana, shi ne shaidar da za a koma gare ta ko bayan shekara ɗari. To, in mai wannan aiki ya yi sakaci, abin da aka yanke ran Litinin ba za a iya tabbatar da shi ran Jumma'a ba, kowa sai ya tuna maganar yadda ta fi yi masa daɗi.

Aikin kuma yana bukatar ƙarfin zuciya. Ran 4 ga Janairu, 1642, Sarki Charles na Ɗaya ya shiga zauren Wakilai da kansa, ya bar mutane da makamai a bakin ƙofa, don ya kama wakilai 5 waɗanda ya ke tuhuma da cin amanar ƙasa. Ya tarar sun riga sun fice. Mataimakin akawu, John Rushworth, yana zaune a tebur, ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da Sarki ya faɗi, rubutun nan nasa kuwa yana cikin manyan shaidun abin da ya gudana a ranar. Mu riƙe wannan labari, don shi zai nuna mana daga baya dalilin da ya sa ba a so a bar tuɓe akawu a hannun mutum ɗaya.

Mai Muƙami Dabam, Mai Aiki Dabam

A cikin ƙarni na 18 akawun majalisa ba shi da wani tsoron kora. Sarki ke naɗa shi da takarda mai hatimi, naɗin kuwa na rai da rai ne, har ma an yardar masa ya sa wani ya riƙa yin aikin a madadinsa. Arzikin muƙamin daga lada ya ke fitowa, musamman ladan dokokin da wasu mutane ko garuruwa kan nema don bukatar kansu, kamar izinin haƙa hanyar ruwa don jiragen kaya, ko gyaran hanya mai kuɗin fito. Da ya ke abin yana kawo kuɗi, sai ya zama kamar gona, a saya a sayar. Jeremiah Dyson ya sayi muƙamin akawun Wakilai cikin 1748 a kan fam 6,000. Abin yabo gare shi, da ya hau bai sayar da ƙananan muƙaman da ke ƙarƙashinsa ba, ko da ya ke al'ada ta ba shi dama.

Ɗaya daga cikin waɗanda Dyson ya ɗauka saboda cancanta shi ne John Hatsell, wanda ya zama akawun Wakilai cikin 1768. Hatsell ba malalaci ba ne. Masani ne ƙwarai, har ya tattara hukunce-hukuncen majalisa na da cikin littattafai waɗanda aka daɗe ana amfani da su. Amma cikin 1797 ya tashi daga teburin majalisa ya tafi hutawa, ya bar mataimakinsa John Ley da aikin, shi kuwa ya riƙe sunan muƙamin da rabonsa na lada har ya mutu cikin 1820. Shekara 23 ke nan mai sunan akawu ba ya zama a kujerar akawu. Ley ma ya riga shi mutuwa cikin 1814, aka sa wani ya ci gaba da wakilcin. Ba wanda ya iya cewa Hatsell ya karya doka, gama takardar naɗinsa ta halatta masa abin da ya yi.

Na zauren Dattawa ya fi wannan ban mamaki. George Rose ya zama akawun Dattawa cikin 1788, alhali kuwa shi ɗan Majalisar Wakilai ne, babban jami'i kuma a baitulmali, na hannun daman Firayim Minista William Pitt. Mutum mai irin waɗannan hidimomi ina ya ga lokacin zama yana rubuta littafin majalisa? Mataimaki ne, Henry Cowper, ya ɗauki nauyin shekara da shekaru. Har wa yau tun Rose yana da rai an riga an yi wa ɗansa alkawarin gadon muƙamin. Da uban ya mutu cikin 1818, sai ɗan, George Henry Rose, ya gaje shi, shi kuwa a sa'an nan jakadan Ingila ne a Barlin, babban birnin Furusiya. Ya riƙe muƙamin har mutuwarsa cikin 1855. In mun haɗa na uba da na ɗa, shekara 67 ke nan.

Kada mu ɗauka cewa tun da mataimaka suna yin aikin babu wata hasara. Na farko, dukiyar jama'a tana tafiya ga wanda bai yi mata gumi ba. Na biyu, in kuskure ya auku ba a san wanda za a riƙe ba: mai muƙami ya ce ba ya nan, mataimaki ya ce shi ɗan aike ne. Na uku, ƙananan ma'aikata suna gani da idonsu cewa ƙwazo ba ya kai mutum kujerar sama, sai haihuwa da sanayya, to wa zai ƙara kashe kansa da aiki?

Maganin Da Aka Yi

Gyaran ya zo sannu sannu. Cikin 1812 aka yi doka wadda ta sa kula da kuɗin ofisoshin Majalisar Wakilai a hannun wasu manya da aka ɗora wa wannan amana, domin akawu ya koma cin albashi tsayayye maimakon lada. Ba ta taɓa haƙƙin Hatsell ba, sai bayansa ta yi aiki sosai.

Babbar dokar da ta shafi maganarmu ita ce ta 1824, wadda aka yi bisa akawun Dattawa. Abu biyu ne ginshiƙinta. Na ɗaya, wanda duk aka naɗa nan gaba lalle ne ya yi aikin da kansa. Na biyu, Sarki ne ke naɗa shi, Sarki ne kuma ke tuɓe shi, amma tuɓewar tana bin bayan takardar roƙo da Majalisar Dattawa za ta aika masa tana neman hakan. Game da mataimakan da ke zama a tebur kuwa, shugaban zauren ke naɗa su da yardar majalisa, ba a kuma fid da su sai da umurnin majalisa.

Ku duba yadda ginshiƙan nan biyu suka jingina da juna. Na farko ya mai da rashin zuwa aiki laifi, abin da a da ba laifi ba ne, don ba a iya hukunta mutum bisa barin aikin da ba a taɓa wajabta masa ba. Na biyu ya faɗi wanda ke da ikon hukuncin, ya kuma sa shi a hannun jama'ar da akawu ke yi wa hidima, waɗanda su ne ke ganin kujerarsa kullum, ko da mutum ko babu.

Amma ko wannan doka ba ta ture George Henry Rose ba. An ƙyale shi da abin da takardarsa ta ba shi, aka jira shekara 31 har ya mutu, kana wanda ya gaje shi, John Shaw Lefevre, ya hau bisa sabon sharaɗi. Wani zai ce wannan haƙuri ya yi yawa. Dalilin masu dokar shi ne, a wancan zamani muƙami irin wannan kamar dukiyar mutum a ke ɗaukarsa, ƙwace shi kuwa ba tare da laifi ba zai tsorata kowane mai riƙe da takardar Sarki. Abin lura gare mu a nan shi ne, ƙa'idar tuɓewa tun kafin naɗi ya kamata a rubuta ta. In an bari sai mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, gyaran kan ci shekaru.

Cikin 1856 aka yi wa mataimakin akawun Wakilai irin wannan tsari: Sarauniya ke naɗa shi bisa shawarar shugaban majalisa, ba a kuwa tuɓe shi sai Majalisar Wakilai ta aika da takardar roƙo. A shekarar nan ne Thomas Erskine May ya hau wannan kujera, shi ne mai littafin nan na ƙa'idodin majalisa da ya fara fitowa cikin 1844, ya kuma zama cikakken akawu cikin 1871. Wannan hanya ta takardar roƙo ba sabuwa ba ce a Ingila, don tun dokar 1701 aka tsara cewa manyan alƙalai ba a tuɓe su sai zauren biyu sun nema. Watau an ɗauki akawu a matsayin wanda ya ke bukatar kariya irin ta alƙali. In mun tuna da Rushworth da alƙalaminsa a gaban Sarki, dalilin ya fito sarari.

Hanyar Amurka

Amurkawa sun bi wata hanya dabam. Tsarin mulkinsu ya ba Majalisar Wakilai ikon zaɓen shugabanta da sauran ma'aikatanta, ran 1 ga Afrilu, 1789, kuwa suka zaɓi John Beckley ya zama akawu na farko. Ba su yi naɗin rai da rai ba. Duk bayan shekara 2, in sabuwar majalisa ta zauna, sai a sake zaɓe. Ƙa'idodin zauren kuma sun ba majalisa, sun ba shugabanta, ikon fid da akawu kafin wa'adinsa ya cika. Da irin wannan tsari malalaci ba ya daɗewa. Amma labarin mutum uku zai nuna mana amfaninsa da kuma illarsa.

Na ɗaya shi ne Beckley kansa. Ba a zarge shi da ƙin aiki ba, amma cikin 1797 aka kayar da shi, saboda yana goyon bayan Thomas Jefferson, waɗanda ke da rinjaye a zauren kuwa abokan hamayyar Jefferson ne. Da rinjaye ya juya cikin 1801 aka mai da shi. Ga illar sauƙin kora ke nan: kujerar akawu takan zama ganimar jam'iyya.

Na biyu shi ne Patrick Magruder. Cikin watan Agusta, 1814, sojan Ingila suka shiga Washinton suka ƙone ginin majalisa. Magruder ba ya gari, ya tafi jinya. Yawancin ma'aikatansa kuma an kira su aikin soja, 'yan kaɗan da suka rage suka kwashe abin da suka iya da amalanken shanu, sauran takardu wuta ta cinye, har da na shaidar kuɗin da aka kashe. Majalisa ta sa aka yi bincike, aka soma maganar fid da shi, sai ya ajiye aiki da kansa cikin Janairu, 1815. Rashin lafiya ba laifi ba ne. Tambayar da ta dace da irin wannan hali ita ce ko mai tafiya ya bar amana a hannun da za ta tsira.

Na uku shi ne Caleb McNulty, wanda majalisa ta kora cikin Janairu, 1845, don an sami giɓi cikin kuɗin da ke hannunsa. Daga baya kotu ba ta same shi da laifi ba, amma bai koma kujerar ba. Wannan ya nuna mana cewa raba mutum da muƙami dabam ne da hukuncin kotu: majalisa tana duba ko za ta iya ci gaba da amincewa da shi, kotu kuwa tana duba ko ya cancanci horo.

Abin Da Ƙa'ida Mai Kyau Ta Ƙunsa

Daga waɗannan labaru muna iya tsamo sharuɗɗa shida, a ganinmu, waɗanda duk mai tsara irin wannan ƙa'ida ya kamata ya lura da su.

Na ɗaya, a rubuta aikin akawu dalla dalla, a kuma faɗi cewa shi da kansa zai yi. Kalmar "ba ya aiki" ba ta da ma'ana sai an san aikin.

Na biyu, a sa ma'auni wanda kowa zai iya ƙirgawa, kamar yawan zaman da mutum zai rasa a jere ba da izini ba kafin a ce ya yi watsi da aiki. In babu ma'auni, maƙiyi zai kira jinyar mako guda lalaci, masoyi kuma ya kira ɓatan shekara hutu.

Na uku, a bambanta uzuri da sakaci. Mai ciwo ko mai tafiya da izini a ba shi wa'adi, a sa mataimaki ya riƙe, amma riƙon ya kasance da iyaka, kada ya zama irin na Ley.

Na huɗu, a aika wa mutum takarda a gaya masa abin da a ke tuhumarsa da shi, a ba shi lokaci ya kawo hanzarinsa. La'alla shirunsa yana da dalilin da ba a sani ba.

Na biyar, hukuncin ƙarshe ya fito daga jama'a, ko majalisa duka ko wata hukuma da doka ta kafa, a fili, a kuma rubuta dalili. Mutum ɗaya yana iya yin fushi da safe ya huce da yamma, amma kafin jama'a su haɗu bisa fid da wani, lalle sai an kawo hujja.

Na shida, a tsara yadda za a karɓi littattafai da hatimi da makullai daga hannun mai fita. Majalisar da ta kori akawu ta bar shi da littafinta ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Bayan waɗannan akwai rigakafi, watau sa wa muƙamin iyaka, ko ta wa'adi kamar na Amurka, ko ta shekarun haihuwa, domin kada a jira mutuwa ta yi aikin da ƙa'ida ta kasa.

Mu ma a Nijeriya maganar ta shafe mu, tun da majalisunmu sun gaji muƙamin akawu. Tsarin mulki na 1999 ya ambaci akawun Majalisar Ƙasa a sashe na 51, da na majalisun jihohi a sashe na 93, ya kuma bar yadda za a naɗa su ga dokar da majalisa za ta yi. A Majalisar Ƙasa an danƙa naɗi da horon ma'aikata ga wata hukuma ta musamman. Cikin Yuli, 2020, hukumar nan ta tsaya bisa cewa wanda ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki sai ya huta, hukuncin kuwa ya shafi har akawun da ke kan kujera a lokacin.

To, 'yan'uwa, ba majalisar ƙasa kaɗai ke da magatakarda ba. Ƙungiyar muhawara tana da shi, majalisar gari tana da shi, da yawa daga cikinmu kuma wata rana za a miƙa mana littafi da alƙalami a ce mu riƙe, ko kuwa a ce mu zauna mu tsara wa wata ƙungiya dokokinta. In ranar ta zo, mu gwada ƙa'idar da muka rubuta da mutum biyu. Mu tambayi kanmu, da George Rose ne ke kan kujerar, ko za ta iya tashe shi? Da kuma John Rushworth ne, ko za ta iya tsare shi daga fushin mai iko? In amsa ta zama i a duka biyun, ƙa'idar ta yi. In ɗaya ta gaza, sai a koma a sake zama tun ba a naɗa kowa ba.